Jamus da aikin soja na dole: a dawo da shi ko a bar shi a jingine?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Ana ta yaɗa cewa wai Jamus ta dawo da aikin soja na dole. Ba ta dawo da shi ba tukuna. Dokar da majalisar Bundestag ta zartar ranar 5 ga Disambar 2025 cewa ta yi daga 1 ga Janairun 2026, duk ɗan ƙasar da aka haifa daga 2008 zuwa sama, da zarar ya cika 18 za a aika masa wasiƙa da fom na tambayoyi. Namiji dole ya cike, mace in ta ga dama. Gwajin lafiya ma dole ne ga maza, ana so ya game kowa daga Yulin 2027. Amma sa kaki kansa har yanzu ganin dama ne, a kan albashin wajen yuro 2,600 a wata kafin haraji, wa'adi mafi ƙanƙanta wata shida. In masu sa kai ba su isa ba, sai majalisa ta sake zama ta yi wata doka kafin a tilasta wa kowa. Sojojinsu yanzu 180,000 da ɗoriya ne, suna neman 260,000 da kuma na ko-ta-kwana 200,000 nan da 2035. Tambayata ita ce, me ya hana su tilastawa kai tsaye, tunda a 2011 ba soke dokar aka yi ba, jingine ta aka yi?

Nura:
Wa alaikumus salam. Tsoron akwatin zaɓe ne kawai, Malam. Cikin jam'iyyun gwamnatin haɗaka, CDU da CSU suna so, SPD na jan ƙafa. Kuma ranar da aka kaɗa ƙuri'ar ɗalibai sun bar aji sun fito titi a garuruwa da dama. Waɗanda suka fi son a dawo da shi tsofaffi ne da ba za a kira su ba.

Samanja Garba:
Nura ƙanena, siyasa tana ciki, amma ko gobe jam'iyyun duka suka haɗa baki, babu inda za a kwantar da yaran. A 2011 ba ɗaukar kurtu kaɗai aka daina ba, duk abin da ke ɗaukarsu aka kwance. Ofisoshin rajista da gwaji guda 52 da ke faɗin ƙasar an rufe su a ƙarshen 2012. A Oktoban 2011 ministan tsaro Thomas de Maizière ya sanar da rufe sansanoni 31, wasu da yawa aka rage musu mutane. Filayen wasu an sayar, wasu sun zama gidaje, wasu an sauke 'yan gudun hijira a ciki. Barikokin da suka rage ma, rahoton Eva Högl, wadda a lokacin majalisa ta ɗora wa sa ido kan halin da sojoji ke ciki, ya ce gini da gyara na bukatar wajen yuro biliyan 67. Sai a Oktoban 2025 ne ma aka dakatar da rabuwa da wasu filaye kusan 200.

To gado ma mai sauƙi ne, kuɗi na gina shi. Mai horarwa shi ne matsalar. Ku yi lissafi: kurtu goma, kofur ko saje ɗaya a kansu, shi ke tashinsu da asuba, shi ke duba bindigarsu, shi ke tsaye a bayan kowannensu a filin harbi. Kurtu 10,000 ke nan sai masu horarwa 1,000, ba a sa hafsan da ke kan kowane rukuni na mutum talatin ba, ba a sa samanjan kamfani ba, ga mai riƙe makullin ɗakin makamai, ga na kicin, ga ma'aikacin jinya da dole ya zauna a filin harbi da motarsa kafin a saki harsashi ko ɗaya. Cikakken saje a tsarin Jamus wajen shekara uku ake horar da shi. Daga ina za a samo su bana? Daga bataliyoyin da ke bakin aiki za a zare su. Ga shi kuma Jamus ta yi alkawarin girke birged mai mutum kusan 5,000 a Lituwaniya nan da 2027, su ma irin waɗannan sajojin suke nema. Shi ya sa a shekarun farko tilastawa rage ƙarfin rundunar take yi, sai daga baya ta fara ƙarawa. Ministan tsaro Boris Pistorius, ɗan SPD, ya san haka, kuma a ganina shi ne ainihin dalilinsa, ba 'yan jam'iyyarsa kaɗai ba.

Dakta Umma:
Bari in ɗora a kan na Samanja ta ɓangaren gwaji. Maza wajen 300,000 ke cika 18 kowace shekara. A raba da ranakun aiki 220, ya kama mutum 1,360 da 'yan kai a kullum. Gwajin kuma ba buɗe baki ka ce "aa" ba ne. Ana auna tsayi da nauyi, a karɓi fitsari a duba sukari da alamun shan ƙwaya, a gwada ido har da bambance launi, a sa masa abin kunne a gwada jin kowane kunne daban. Sai hawan jini da bugun zuciya, yana zaune da kuma bayan ya yi tsugune-tashi. Sannan ya cire riga a dubi ƙashin baya, gwiwa, tafin ƙafa, a duba ko akwai gwaiwa. Bayan nan ga jarabawar kwamfuta ta lissafi da saurin fahimta, wadda da ita ake sanin wa zai iya riƙe rediyo, wa zai tuƙa babbar mota. In likita ɗaya ya ga mutum 15 a rana, likitoci 90 ke nan da ba su da wani aiki sai wannan, kuma da hutu da rashin lafiya sai sun haura 100, a ƙasar da asibitocin karkara ke kukan rashin likita.

Inda abin ke cijewa ba masu lafiya garau ba ne, ba kuma marasa lafiya ƙarara ba. Na tsakiya ne. Wanda ya yi asma yana yaro, wanda aka taɓa yi wa aiki a gwiwa, wanda ke shan maganin damuwa. Kowannensu sai an nemi takardar ƙwararren likita, a jira wata biyu ko uku, a yanke hukunci, shi kuma yana da damar ɗaukaka ƙara. In aka yi gaggawa aka tura shi haka nan, a mako na uku ko na huɗu za a gani, lokacin da aka fara tafiyar ƙasa da jaka a baya: ƙashin ƙauri ya tsage, gwiwa ta kumbura, a mayar da shi gida bayan an riga an kashe masa kaki da gado. Har ƙananan abubuwa akwai. Mai tabarau sai an yanka masa gilashi na musamman da zai shiga cikin takunkumin kariya daga iska mai guba, mai gemu kuma takunkumin ba ya kama fuskarsa ruf, iska na shiga ta gefe.

Ni dai a dokar nan gwajin nan ne ya fi burge ni. Tun 2011 gwamnati ba ta san wa ke da lafiyar ɗaukar bindiga ba.

Kawu Isa:
Duk wannan uzuri ne. Finland fa? Mutum miliyan biyar da rabi, iyakar kilomita 1,340 da Rasha, amma in yaƙi ya tashi za ta tsayar da soja 280,000. Jamus mai mutum sama da miliyan 80 ta ce ba ta da gado? Lokacin yaƙin cacar baka Jamus ta Yamma kaɗai tana riƙe da soja kusan 495,000. Kuma batun masu horarwa da Samanja ya kawo, Finland ta warware shi tuntuni. Suna ɗauka sau biyu a shekara, Janairu da Yuli. Wa'adi kala uku ne, kwana 165, 255 da 347. Waɗanda suka yi fice a rukunin Janairu sai a ba su horon shugabanci, su ne za su zama kofurorin rukunin Yuli. Kurtu ke horar da kurtu, ƙwararren soja yana sa ido daga sama.

Samanja Garba:
Kawu, ka faɗi gaskiya, amma ka faɗi dalilin da ya sa Jamus ba za ta iya yau ba. Tsarin Finland kamar tsimin fura ne ko nono, sai da na jiya ake haɗa na yau. Su ba su taɓa yankewa ba. Jamus ta yanke shekara 14. Kuma kofur ɗin da kake magana kwana 347 yake yi, ba wata shida ba.

Mu tsaya a kan wata shidan nan, don a nan ne mutane ke ruɗuwa. Wata ukun farko horon tushe ne: fareti, kwance bindiga da ɗaure ta, harbi da rana da dare, haƙa rami, karanta taswira, ɗaure jijiya a tsayar da jini, gadi. Wata ukun da suka rage za a iya koya masa tsaron gada, tashar jirgin ƙasa, ma'ajiyar harsasai, da yadda zai yi in ya ga ƙaramin jirgi maras matuƙi a kansa. Iyakarta ke nan. Ba za ka ba shi tankar Leopard ba, ba za ka zaunar da shi gaban na'urar kakkaɓo makamai masu linzami ta Patriot ba. Taiwan ta gwada wata huɗu, ta ga ba ya haifar da komai, ta koma shekara ɗaya daga Janairun 2024. Denmark ma daga wata huɗu ta koma sha ɗaya.

Sai dai kada a raina mai gadin gadar. A tsarin NATO Jamus hanya ce, ta cikinta dubban ɗaruruwan sojojin ƙawance za su ratsa zuwa gabas. Duk kurtun da ya tsaya a bakin gada ya 'yantar da ƙwararren soja ɗaya ya tafi gaba.

Amma babban ramin yana bayan sallama. Soja da ya yi wata shida ya tafi gida, in shekara uku ta wuce bai taɓa bindiga ba, sai dai a sake daga farko. Finland na horar da mutane a matsayin kamfanin soja guda, ta sallame su a matsayin kamfani guda, kowa ya san kwamandansa, ya san inda kayansa suke, kuma doka ta ba da damar a kira shi atisayen tuni, jimillar kwana 80 zuwa 200 gwargwadon muƙaminsa. A Jamus fa? Tsofaffin sojoji sun haura 800,000 a takarda, amma waɗanda aka ba wa gurbi takamaimai 'yan dubun goma ne. An daɗe ana tafiya a kan cewa sai shi ya yarda ya zo atisaye, kuma sai mai gidan da yake wa aiki ya yarda ya sake shi. Sai daga Oktoban 2021 aka fara ɗaure duk wanda ya bar aiki da gurbi na shekara shida. In ba a gyara nan ba, ko mutum 100,000 aka tilasta a shekara, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Barista Zainab:
Malam Habibu, amsar tambayarka ta fuskar doka. Sashe na 12a na kundin tsarin mulkinsu yana nan daram: ana iya tilasta wa maza daga shekara 18. Dawo da shi a lokacin zaman lafiya rinjaye na yau da kullum kawai yake bukata. In kuma majalisa ta ayyana halin ɗar-ɗar ko na kare ƙasa, da kansa yake farfaɗowa. To ba a nan gizo ke saƙar ba.

Na farko, mata. Wannan sashen ya ce ko ta halin ƙaƙa ba a tilasta wa mace ɗaukar makami. Tanja Kreil ta kai ƙara kotun Turai, a Janairun 2000 ta yi nasara, daga 2001 aka buɗe wa mata duk sassan soja, amma da son ransu. Wani Alexander Dory kuma ya je ya ce tilasta wa maza kaɗai wariya ce, kotun ta ce a 2003 wannan hurumin ƙasa ne. Don a haɗa da mata sai an gyara kundin, da kashi biyu cikin uku. Kujeru 630 ne, ana bukatar 420. CDU da CSU na da 208, SPD 120, masu rajin kare muhalli 85. Jimilla 413. Sai an roƙi jam'iyyar Die Linke ko ta AfD, ɗaya ba ta son aikin dolen sam, ɗayar kuma sauran sun ce ba sa haɗa hanya da ita.

Na biyu, kuma shi ne ya kashe tsarin tun farko: adalci wajen ɗauka. Da rundunar ta ƙanƙance bayan 1990, samari sun fi guraben yawa. Sai aka dinga rage wa'adi, daga wata 15 zuwa 12, zuwa 10 a 1996, 9 a 2002, 6 a 2010. Aka kuma dinga ƙara masu fita ta taga: a 2004 aka daina ɗaukar masu matsakaiciyar lafiya, aka yafe wa masu aure, aka sauke shekarun kira zuwa 23. A wannan shekarar wata kotu a Kolon ta ce yadda ake ɗaukar ya zama son rai. Kotun sama ta rushe hukuncin a 2005, amma maganar ta riga ta fita. Abokai biyar ajinsu ɗaya, ɗaya na bariki, huɗu na jami'a. Yau in rundunar za ta iya ɗaukar 30,000 cikin 300,000, mutum ɗaya ke nan cikin goma. Da wane ma'auni za ka zaɓe shi, har alƙali ya yarda?

Nura:
A jefa ƙuri'a mana. Wanda ta faɗa kansa ƙaddararsa ce.

Aminu K.:
A kan ƙuri'ar nan ce gwamnatin haɗakar ta kusa tarwatsa shirin a Oktoban 2025, har aka soke taron manema labarai ana dab da farawa. Soja ba ya son ƙuri'a, don ba ta san mai ƙwazo ba. Za ta iya ɗauko maka wanda ba ya so kuma bai iya ba, ta bar makanike. Kuma ita ma tana karkata in ba a yi hattara ba. Amurka ranar 1 ga Disambar 1969 ta zuba ranakun haihuwa 366 cikin ƙananan kwanso, an fara zuba na Janairu, na Disamba a ƙarshe, ba a cakuɗa sosai ba. Sai 'yan ƙarshen shekara suka fi fitowa da wuri, su aka fi kira lokacin yaƙin Biyetnam. Denmark har yau ana zarar lamba, daga Yulin 2025 ma har da mata, sai dai masu sa kai kan cike yawancin guraben, lambar ba ta cika cizo ba. Lituwaniya da ta dawo da nata a 2015 kwamfuta ke jera sunayen.

Abin da Pistorius ya kwaikwayo na Suwidin ne. Sun jingine a 2010, suka kasa cike gurabe da masu sa kai, suka yanke shawarar dawowa a 2017, maza da mata. Duk ɗan 18 yana cike fom, sama da 100,000 a shekara. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ake kira gwaji. Da 4,000 suka fara a 2018, sannu a hankali suka kai wajen 8,000. Ku lura da wannan hawan, shekaru suka ɗauka kafin su ninka, saboda dalilan da Samanja ya lissafa. Norway ma haka, ana zaɓar wajen 10,000 cikin kusan 60,000, har ya zama abin alfahari a takardar neman aiki. Bambancin da Jamus shi ne a Suwidin in an zaɓe ka ba ka da ta cewa, ƙin zuwa laifi ne mai tara ko ɗauri. Jamus ta ɗauki fom ɗin ta bar haƙorin.

Kawu Isa:
To ai shi nake faɗa. Fom ba ya tsaron ƙasa. Kuma akwai tarbiyya. Ɗan minista da ɗan direba a ɗaki ɗaya, su share banɗaki ɗaya.

Barista Zainab:
Kawu, a Jamus ɗan ministan ya fi sanin likitan da zai rubuta masa ciwon baya. Kuma doka ba ta yarda a tauye 'yancin mutum don tarbiyya ba, sai don tsaron ƙasa. Faransa ta gwada na tarbiyyar daga 2019, sansanin mako biyu ga 'yan makaranta, kuɗi ya tafi, soja ko ɗaya bai fito ba. A Nuwamban 2025 Macron ya koma kan aikin soja na wata goma na sa kai.

Aminu K.:
Akwai kuɗin da ba ya fitowa a kasafin ma'aikatar tsaro. Cibiyar binciken tattalin arziki ta ifo da ke Munich ta ƙiyasta a 2024 cewa in aka ɗauki duk 'yan shekara guda, tattalin arziki zai yi asarar wajen yuro biliyan 70 a shekara. In kashi ɗaya cikin huɗu ne, wajen biliyan 17. Asarar ba albashin kurtu ba ce. Yaron da zai fara koyon aikin lantarki yana 18 sai ya fara yana 19, duk rayuwarsa yana bayan sa'o'insa da shekara guda a albashi da ƙwarewa, a ƙasar da ke zuwa har Indiya da Kenya neman ma'aikata. Shawararsu ita ce a ƙara albashi a jawo masu so, ya fi arha. Yuro 2,600 ɗin nan da tallafin lasin tuƙi har yuro 3,500 ga wanda ya yi shekara, daga wannan tunanin suka fito.

Sai kuma abin da ake mantawa. Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin Jamus ya ba kowa damar ƙin ɗaukar makami saboda lamirinsa, sai ya yi aikin farar hula a madadinsa. A shekarun 1990 irin waɗannan sun haura 100,000 a lokaci guda, su ke tura keken marasa lafiya, su ke kai wa tsofaffi abinci, su ke bin motar asibiti. Ranar da aka dawo da tilas, dole a dawo da wannan ma, da ofisoshinsa da gurabensa da kuɗinsa. Tsari biyu za a gina, ba ɗaya ba.

Dakta Umma:
Kuma kafin a je ga tilas, a toshe yoyon da ke akwai. Cikin masu shigowa da ƙafarsu, kusan ɗaya cikin huɗu na ajiye kaki a wata shidan farko. Dalilan da suke bayarwa sanannu ne: barikin ya yi nisa da gida, zaman jira ba aikin yi, kayan horo ba su isa ba, wani kuma ya samu aiki a waje. Wanda ya zo da kansa ma bai zauna ba.

Nura:
Ni fa da Najeriya ce ta yi wannan da na goyi baya. A mayar da bautar ƙasa ta zama ta soja, a gama da 'yan bindiga.

Samanja Garba:
Ciwon daban ne, ƙanena. Jamus gurabe take da su babu masu so. Najeriya duk sanda aka buɗe ɗaukar kurtu, masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Wanda ke korar masu sa kai a bakin ƙofa me zai yi da tilas? Abin da ya iyakance shi ne yawan da sansanonin horar da kurata irin su Depot na Zariya za su iya horarwa a wata shida, da albashi, da kayan aiki. Sashe na 220 na kundin 1999 ya ba majalisa damar yin dokar horon soja na dole, ba a dai yi ba. Bautar ƙasa da Gowon ya kafa a 1973 sansanin mako uku ne, fareti ne ba harbi ba. Kuma ka tambayi kanka: ka koya wa matasa dubu ɗari uku harbi kowace shekara, ka sallame su babu aiki, babu rajistar inda suke, wa zai ɗauke su aiki?

Malam Adamu:
A tambayi mutanen Sudan. A shekarun 1990 an riƙa tare motoci ana sauke samari, an kuma ɗaure takardar sakandare da zuwa sansani. A Afrilun 1998 a sansanin Ailafun kusa da Khartum, ɗalibai suka nemi tafiya gida Babbar Sallah aka hana, suka gudu, gommai suka mutu, wasu da harsashi wasu a kogin Nilu. Eritiriya kuma wata 18 ne a takarda, a aikace ba ranar fita, shi ya cika kwale-kwalen Bahar Rum da 'ya'yanta. Maroko ce ta yi da sauƙi: ta soke a 2006, ta dawo da shi a 2019, wata 12, ta haɗa da koyon sana'a, masu so suka fi guraben yawa.

Malam Habibu:
Mu dawo Jamus, jama'a. Hajiya Rabi ta aiko tambaya tun ɗazu.

Hajiya Rabi:
Na gode Malam. Akwai iyaye 'yan Najeriya, Nijar da Gana da yawa a Hamburg da sauran garuruwa da 'ya'yansu ke da fasfo ɗin Jamus. Barista, wasiƙar nan ta shafe su? In yaro yana da fasfo biyu fa? In kuma ba ya so?

Barista Zainab:
Ta shafe su, Hajiya. Ma'aunin shi ne zama ɗan ƙasa, ba asalin iyaye ba. Mai fasfo biyu Bajamushe ne a idon dokar. Wanda ke da takardar zama kawai, ko a can aka haife shi, ba ruwansa.

Wasiƙar na zuwa da lambar da za a ɗauka da waya a shiga fom ɗin a intanet. Ana tambayar tsayi, nauyi, lafiya, karatu, lasin tuƙi, da yadda yake sha'awar aikin, daga sifili zuwa goma. Ya rubuta sifili in haka ne ransa, ba laifi ba ne. Laifin shi ne a jefa wasiƙar a kwandon shara ko a rubuta ƙarya, wannan akwai tara. In an kira shi gwajin lafiya ya je, ya riƙe duk takardun asibitinsa na da, musamman na asma, ido, ko aikin da aka taɓa yi masa. Zuwa gwaji ba shiga soja ba ne, ba ya zama soja sai ya sa hannu da kansa. 'Ya mace kuwa ko ba ta amsa ba babu komai.

Wanda ke son a rubuta shi cikin masu ƙin ɗaukar makami, takarda ake kai wa ofishin ɗaukar ma'aikata na rundunar, su tura wa hukumar farar hula da ke Kolon, ita ke yanke hukunci. Abu uku ake haɗawa: wasiƙar da ta ambaci sashe na 4 sakin layi na 3, tarihin rayuwarsa, da bayanin dalilinsa da ya rubuta da kansa. A nan ake faɗuwa. Wanda ya kwafo daga intanet ana ganewa. Wanda kuma ya ce ba zai yi wannan yaƙin ba amma zai yi wancan, ba a karɓa, kotun tsarin mulki ta ce sai wanda ya ƙi kisa a yaƙi gaba ɗayansa.

Hajiya Rabi:
In kuma yana so fa? Sallah da abinci?

Samanja Garba:
Akwai Musulmi 'yan dubbai a rundunar. Kicin na ba da abinci marar naman alade da na ganye, amma kada ya sa ran yankan halal a kowane bariki. Limaman Kirista suna nan tun da daɗewa, na Yahudawa an naɗa a 2021, na Musulmi kuwa shekaru aka yi ana ta magana. Sallah sai ya daidaita da sajensa tun makon farko, kada ya bari sai ranar da aka fita daji. In zai nema, ya nemi barikin da ke kusa da gida tun wajen cike takarda, kuma in lasin tuƙin yake hari ya sa hannu a wata 12, don mai wata shida ba ya samu.